Inda Baba Zai Yi Alwala

Ranar da na dawo daga aiki na tarar da Baba kwance a lambun bayan gida, buta a gefe, riga duk taɓo, da gudu na yi kansa. Bai kira maƙwabta ba, wai kada ya tayar wa Turawa hankali. Yana kwance yana salati, yana jiran wanda Allah zai kawo. Likitan da ke duba shi tun da shanyewar ɓarin jiki ta sa na ɗauko shi daga Kano bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ƙashin ƙugunsa ba zai jure wata faɗuwar ba.

Alwala ce ta kai shi. A gidanmu na Woolwich da ke London, masai da wurin wanke hannu ɗaki ɗaya ne, Baba kuwa ya ce ba zai ambaci sunan Allah a inda ake kama ruwa ba. Na ce to ya yi a kicin. Ya ce ba ya kurkure baki a inda ake wanke tukunya. Na kawo masa baho har falo, ya kalle ni ya ce shi ba mai jego ba ne. Waje dai, a kan 'yar kujera, kamar yadda ya saba a tsakar gidansa. Lambun London kuwa ba ya bushewa, ƙasar kullum kamar an dama kunu.

"Baba, don Allah ku rufa mini asiri."

"Uwata, in na dame ki, ki yi mini booking ɗin jirgi in koma gida."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ya koma wurin wa? Inna ta rasu, maganinsa yana nan, likitansa yana nan. Raina ya ɓaci, na shiga ɗaki na yi kukana.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kira wani kafinta Bature ya yi mana dandamalin katako daga ƙofar baya, don Baba ya samu busasshen wurin alwala. Ya zo da guntayen katako iri biyu. Ɗaya kore-kore ne mai danshi, an matsa masa magani har cikin tsokarsa don kada ya ruɓe, kuma ana samunsa nan take. Ɗayan ja ne mai laushi, suna ce masa sida, ƙamshinsa kamar an buɗe akwatin turaren wuta. Shi ba ya buƙatar magani, amma sai an yi oda an jira.

Mijina ya ce, "Ɗauki koren mana, katako ai katako ne."

Na ce, "Ƙafar ubanka ce za ta taka shi ba takalmi?" Na san na yi rashin kunya, amma a lokacin ko a jikina. Ni dai ina hango ruwa yana jiƙa maganin nan, yana shiga faso a diddigen Baba. Kafintan ya ce babu komai, ban yarda ba. Na zaɓi sida.

Jiran ne ya kusa kashe ni. Kullum in zan fita aiki sai in kulle ƙofar baya in tafi da makullin. Ni, na kulle mahaifina kamar kaza! A cikin jirgin ƙasa ina taɓa makullin a jaka ina jin kamar in kurma ihu. Ya riƙa yin alwala a baho ba don yana so ba, ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Abincinsa ma ya ragu.

Da aka gama aikin na buɗe ƙofa da kaina. Baba ya dogara sanda ya tsaya a baki, ya daɗe yana kallo. Sai ya cire takalmansa kafin ya taka. Ya shaƙi ƙamshin ya ce, "Masha Allah." Ya sa na kawo masa sallaya, ya yi la'asar a nan a zaune. Na ce a raina shi ke nan, wahala ta ƙare.

Da magariba ta gabato ya ɗauki buta, ya ratsa dandamalin daga wannan baki zuwa wancan, ya zura takalmi, ya sauke ƙafarsa mai lafiya cikin taɓo.

"Baba! Ai don alwala aka yi shi!"

"A kan wannan? Inda na sa goshina, nan zan tofar da yawu in face hanci? Haba Uwata."

Sai a lokacin na gane. Da mummunan koren nan na saya, da tuni ya tofa masa yawu hankali kwance. Na fizge butar na tuttule ruwan a kan katakon, ina cewa, "Ku duba, ba ya komai! Katako ne kawai, wallahi katako ne!" Ya kalle ni kamar na shiga masallaci da takalmi. Sai ya miƙo hannu in cika masa butarsa.

Na ciko ta. Na sauke masa kujerar a kan taɓon, na tallafe shi ya zauna. Yayyafi ya fara. Na durƙusa a bakin dandamalin na damƙe rigarsa ta baya da hannu biyu, ina tunanin gobe da azahar, lokacin da zan kasance a wurin aiki.

Ya ce, "Sake ni mana, ni akuya ne?"

Ban sake shi ba.