Lissafi a Ƙarƙashin Benci

Allin Malama ne ya fara tsayawa. Tana cikin rubuta √(x + 2) = x a allo, sai hannunta ya ƙame, ta karkata kai wajen taga. Sannan ni ma na ji: ƙara biyu, busassu, daga wajen hanyar Batagarawa.

Ajin yamma ne, na 'yan matan da lissafi ya kayar a jarrabawar gama sakandare, muna shirin sake zama. Wata ta ce, "Bindiga ce!" Muka zabura za mu yi ƙofa. Malama, dattijuwa ce mai ciwon gwiwa, amma ta riga mu, ta danna sakata.

"Ba mai fita. Kun san ta ina suke? Kowa ƙasa."

Muka kwanta ƙarƙashin benci. Salatin ma ya ƙi fita daidai. So nake in tashi in ruga gida Ƙofar Marusa, ko ba takalmi. Har na ɗaga gwiwa, sai na ji Malama ta dafe mini ƙafa.

"Ke, 'yata. Mi za mu yi mu cire x daga ƙarƙashin rut ɗin nan?"

Na ce, "Malama, kashe mu za a yi."

"Allah Ya tsare. Mi za mu yi?"

Cikin raɗa na ce a ninka kowane gefe da kansa. Ta ja ni a hankali har muka fito da amsa biyu, 2 da −1. Na ce shi ke nan.

"Shi ke nan a gidan wa? Mayar da su ki gani."

Na mayar da 2, ta zauna daidai. Na mayar da −1: hagu ya ba da 1, dama −1. Na ce wannan ba ta shiga. Aka sake harbi, kusa. Wata ta fashe da kuka, Malama ta juyar da kai wajenta.

"Hajiyar kuka, |x − 3| = 5. Sandunan nan biyu nisa suke tambaya. Wace lamba ce ke da nisan biyar daga uku?"

"Takwas," in ji ta, tana jan majina.

"Ta baya fa? Ko hanya ɗaya gare ki?"

Can daga lungu wata ta ce −2. Hannun Malama da ke kan ƙafata kuwa rawa yake. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Har yanzu in salansar babur ta buga, sai in duƙa.

Ana kiran la'asar maigadi ya ƙwanƙwasa. "Malama, ku buɗe. Ɓarayin shanu 'yan sintiri suka koro, sun yi daji da su. Lafiya lau, ku fito."