Sabuwar kwamfutata da leshin Inna

Na shigo shago da rana na tarar da sabuwar kwamfutata a mace, an lulluɓe ta ruf da farin leshi kamar mai jiran baƙi.

Kwananta uku da isowa Banikanni. Irin manyan nan ce na haɗa bidiyo, waɗanda ake ta musu a kansu a intanet, wasu na yabon saurinsu, wasu na kukan tsada. Na bar ta tana fitar da bidiyon wani biki, ga masu bikin za su zo karɓa da la'asar.

Ashe Innata, da ta zo daga Djougou ganin abin arziki, ita ta rufe ta. Zafi ya yi wa kwamfutar yawa, ta kashe kanta, aikin ya koma farko.

Na ce, "Inna, ta ramukan nan take shan iska."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Telebijin ɗin babanka shekara da shekaru yana cikin mayafi, bai taɓa suma ba. Kai ka sayar da bijiminka ka sayo mai raki, kuma ka bar ta tsirara kowa na kallo."

Masu biki sun zo, na ba su haƙuri, na ɗora wa ɗaukewar wutar lantarki laifi. Ba a ƙi yarda ba, a Parakou muke.

Yanzu leshin na kan tebur a ninke, kuma Inna na nan har Juma'a. Wanda ya taɓa cin musu da mahaifiyarsa, don Allah ya koya mini.