Jan dutsen Assekrem da laifin da na ɗauka

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji an bugo ƙofar shago da ƙarfi sai in ɗago kai da sauri in ga ko wane ne.

A shagon hoto na wani Alhaji ɗan Damagaram nake aiki, nan Tamanrasset ta Aljeriya. Katin hoton dutsen Assekrem muke bugawa masu yawon buɗe ido, irin wanda in ka saka tabarau na kwali, ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi, sai dutse ya taso kamar ka taɓa shi. Aikina daidaita launi da ledar tabarau. Nakan buga jan layi a farar takarda, in rufe ido ɗaya, in duba ta jar leda. In layin ya ɓace, launi ya yi. In ya bar inuwa, in sake. Haka ma shuɗin. Ba wanda ya koya mini. Takarda na yi ta ɓatawa har idona na ruwa.

Dutsen kansa ne matsala, don da safe ja ne wur. Abu ja kuwa, ido ɗaya ya gan shi fari, ɗaya baƙi, su yi ta kokawa har kai ya sara. Shi ya sa nake rage masa ja.

Alhaji ya leƙo na'urar kwamfuta ya ce, "Ke, wa ya wanke mini dutse? Toka zan sayar?"

"Baba, in na bar jan nan ido ba zai ɗauka ba."

"A makarantar lekkol aka faɗa miki? Maida shi!"

Na maida. Ko tabarau ɗin bai saka ba.

Bayan kwana huɗu wani mai kai baƙi duwatsu, ɗan gari, ya banko ƙofa ya watsa katunan a tebur. Wai wata tsohuwa cikin baƙinsa ta yi ta kallo har jiri ya kwashe ta, ta yi amai. Da Larabci yake faɗa, rabi nake ji, amma na ji "jandarma" sau biyu. Ba ni da takardun zama. Alhaji ya sani, shi kuwa yana da nasa.

Sai ya nuna ni da tasbaha. "Yarinyar ce, ba ta iya ba. Ke, saka ki ga ɓarnarki."

Na saka. Dutsen na ta walƙiya, daidai yadda na faɗa. Wanda na gyara da farko yana cikin na'ura, taku biyu daga inda nake. Amma motocin da ke kwasar mutanenmu zuwa iyaka kawai nake gani a raina. Da guntun Larabcina na ce laifina ne, a yi haƙuri. Sau uku na faɗa, kaina a ƙasa, kafin mutumin ya tofar da yawu ya fita.

Alhaji ya ɗauki kati ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Jan nan ai ya yi yawa. Ke ba ki gani ne? Rage shi."

Ko kunya babu a muryarsa. Na zauna na rage, don in na bar shagon nan ban san ƙofar da zan shiga ba.