Kalmar da Aka Rubuta a Kan Gwaggo

Har yau in na ji warin kafur, akwatin ƙarfen gwaggona nake tunawa. Yayar babanmu ce, kuma ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata a bayan Ƙofar Sauri. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya. Amma in ta tsaya a zauren mutum tana tambayar abin da ya hana 'yarsa zuwa aji, sai ka ga dattijo yana ta gyara hula.

Wata damina, ina aji biyu na sakandare, aka sallame ta daga aiki tun lokacinta bai yi ba. Ran nan ana yayyafi, ta buɗe akwatin, ta ciro takardar da wani babba na ofishin ilimi ya rubuta a kanta. Turancin gwaggo na koyar da yara ne, bai yi nisa ba. Ta ɗora yatsa a kan kalma guda: formidable.

"Duba mani wannan a littafinku. Yabo ne ko zagi?"

Na buɗe ƙamus. Ya ce ana faɗinta ga abin da ya cika ido, kamar ƙaton gini ko gwanin da ba a ja da shi. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ya ce daga Faransanci ta shigo Turanci, asalinta kuwa Latin, inda tushenta ke nufin tsoro. Na rufe littafin.

"Cewa suka yi kina da kwarjini, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

"To, 'yar nan, in kwarjini ne, don mi suka ce in tafi gida?"

Ba ƙarya na yi mata ba, rabi na ɓoye. Sai da na girma na gane ta fi ni sanin ɗaya rabin. Shekara uku tana sintiri a ofis kan rufin wani aji da ke yoyo, har manya suka fara ɓuya in sun hango mayafinta. Ba ta sake ta da zancen ba har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu ni ma malama ce a makarantar nan. Ajin nan mai yoyo ya rushe, awaki ke fakewa a ciki, yara kuma kullum raguwa suke. Bara aka ba ni takardar yabo, an rubuta cewa ni mai haƙuri ce, ban taɓa kai ƙorafi ofis ba. Na karɓa da hannu biyu, har na durƙusa na yi godiya.