Kamu Huɗu na Dogo Gwadabe

A Kademi in ka ce Gwadabe za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Dogo, ko akuya ta san gidan da kake nufi. Allah ya ba shi tsawo ya hana shi ƙiba. Tun yana saurayi ba a taɓa ɗinka masa wandon da ya kai idon sawu ba, kuma yau da ya haura saba'in ba ya shiga ƙofar kowa sai ya sunkuya, abin da ya sa baƙi ke ɗaukarsa mai ladabi. Ba ladabi ba ne, goshinsa yake tausaya wa.

Manomi ne ɗan manomi, gero da dawa da gyaɗa, sai ɗan wake a tsakani. Sau ɗaya ya taɓa fita ci-rani. Ya je Ikko ya yi wata uku, ya dawo da rediyo marar murfi da wata aƙida da bai sake ta ba har yau: duk abin da ake sayarwa a kasuwa mutum ne ya yi shi, shi ma kuwa mutum ne, don haka bai ga dalilin saye ba. Gidansa ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan aƙida. Shi ya yi ƙyauren zaurensa, wanda sai an sa masa ƙafa yake buɗewa. Shi ya haɗa amalanken da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, har shanun suka koyi tafiya a karkace. Ya taɓa gina wa kaji akurki, kajin suka leƙa sau ɗaya suka koma kwana a kan darbejiya. In ka yi masa magana sai ya ce, "Yana aiki ko ba ya aiki?" Abin haushin kuma, yawanci yakan ɗan yi aikin.

Matarsa Gaji gajeruwa ce, da ƙyar kanta ke kai masa ƙirji, amma bakinta ya fi shi tsawo. Shekara arba'in da bakwai suna tare, kuma babu abin da ya ƙera da ba ta raɗa masa sunan tsiya ba. Sana'arta bargon ƙyalle. Ranar kasuwar Gaya Dogo kan bi rumfunan teloli ya tattaro mata guntayen yadin da suka zubar, ita kuma ta ware su, ta haɗa wannan da wancan har su zama fuska guda. Sai ta shimfiɗa tsohon zani biyu a ƙasa, ta ɗora fuskar a kai, ta duƙufa a kan tabarma tana bin su da allura layi bayan layi har su kame su zama abu ɗaya. Rabin yaran Kademi da na ƙauyen Balan a cikin bargonta suka yi sanyinsu na fari. Mace takan duba bargon jaririnta ta ga guntun atamfar bikin maƙwabciyarta a ciki, ta yi dariya.

Bara bayan girbi bayan Gaji ya ce ya gaji. Wata safiya ta duƙa kan ɗinki, miƙewa ta gagara. 'Yarsu Hussaina, wadda ke aure a Ajingi, ta zo da tsohon cikinta ta kai ta asibiti. Likita ya ba da magani, ya kuma ce zaman ƙasa a duƙe ya ƙare, in dai tana son ta ci gaba da takawa da ƙafarta. Gaji ta dawo gida. Ta naɗe fuskar bargon da take haɗa wa abin da Hussaina za ta haifa, ta jefa allura cikin gwangwani ta rufe, ta hau gado ta juya wa ƙofa baya.

Kwana goma ba ta zagi ƙyauren zaure ba. Dogo ya shigo da takalmi har kan tabarmarta da gangan, ta dube shi ta kawar da kai. Ya taɓa ganin irin wannan kwanciya. Mahaifiyarsa makaɗiyar zare ce, ranar da idonta ya daina ganin zare ta ajiye mazari, babu ciwon kirki a jikinta, amma ba ta ga wata daminar ba. Dogo bai san sunan abin a likitance ba. Abin da ya sani shi ne akwai mutanen da in hannunsu ya tsaya, sauran jikin bin sa yake yi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba ya iya faɗa wa kowa a majalisa.

Ranar kasuwa ya tafi Gaya don sabo, ko da yake babu mai jiran ƙyalle a gida. Yana wucewa ta bakin tasha ya ga mai rubuta tallan 'yan siyasa ya ɗame farin yadi a jikin katako huɗu, ya ɗora shi kan benci biyu, yana zaune a kujera yana shafa fenti, bayansa a miƙe. Dogo ya tsaya yana kallo har mai a-daidaita-sahu ya yi masa tsawa ya ba shi hanya. Bai ko kula da sunan ɗan takarar ba. Katakon yake kallo.

Gaji tana da ƙane a Gaya, Inuwa, kafinta na gaskiya mai injin da awo da tef. Rumfarsa ba ta fi taku ɗari daga tashar ba. Kowane mai hankali can zai nufa. Dogo ya bi ta bayan rumfar don kada ma su haɗu, domin shekara talatin ke nan Inuwa na yi wa ƙyauren zaurensa dariya.

Ya iso gida ya tsaya a bakin ɗakinta.

"Ke Gaji, bargon nan na Hussaina, nawa ne girmansa?"

"Me za ka yi da shi?"

"Tambaya na yi."

"Kamu huɗu a tsaye, uku a kwance," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Washegari ya sassaro sandunan bishiyar turare huɗu daga bakin gonarsa, ya feƙe su, ya kankare ɓawon da wuƙa har suka yi santsi, don kada su ja zare. Ya dasa gwiwar hannunsa a gindin sanda, ya kai ƙarshen yatsansa na tsakiya, ya yi alama da gawayi. Kamu ɗaya ke nan. Haka ya yi sau huɗu a dogayen, sau uku a gajerun, ya sare. Ya fafe bakin kowace sanda yadda za ta hau kan 'yar'uwarta, ya ɗaure kusurwoyin da robar tsohuwar tayar babur, ya ƙara da ƙusoshin da ya zare daga akurkin da kaji suka ƙi. Ya tsaga buhun taki ya naɗe jikin sandunan da shi, wurin da za a riƙa kafa bakin zani. Ƙafafu kuwa bai wahalar da kansa ba. Ya jawo turmi biyu da jarka biyu cike da yashi, ya ɗora abin a kai a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya ajiye kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi a gefe. Ko kwabo bai fita daga aljihunsa ba, kuma wannan ya yi masa daɗi kusan kamar aikin kansa. Ya raɗa masa suna gadon ɗinki.

Da ƙyar ya lallaɓo ta ta fito, tana dafe da ƙugu. Ta zagaya abin sau ɗaya.

"Malam, wa ya mutu?"

"Kamar yaya wa ya mutu?"

"Na ga ka haɗa makara."

Sati biyu ke nan bai ji magana mai daɗin wannan ba. Ya haɗiye murmushinsa, ya yi mata bayani: za a ɗame bargon a sama, ta zauna a kujera, hannu ɗaya a bisa ɗaya a ƙasa, babu sauran duƙawa. Ta taɓe baki, amma ta ce a ɗauko. Aka warware fuskar bargon, Dogo ya kama kusurwa ya kafa a sanda, ya ja ɗaya ɓangaren. Bai kai ba. Ya sake ja har ɗinki ya fara kuka. Saura fiye da taƙi biyu a tsaye, a kwance ma haka. Bargon ya tsaya a tsakiya kamar faifai a bakin rijiya.

"Kin ce kamu huɗu!"

"Kamu huɗu ne."

Ta miƙa ɗan guntun hannunta ta auna a gabansa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, cif. Sannan ta kamo hannunsa ta jera da nata, gwiwa da gwiwa. Yatsunta ko wuyan hannunsa ba su wuce ba.

"Shekara hamsin da wannan hannun nake awo, ba wanda ya taɓa dawo min da bargo. Kai kuma ka je ka auna da wannan gorar taka. Jariri za a rufa, Malam, ba raƙumi ba."

"Kamu ai kamu ne. Laifina ne da aka yi ki guntuwa?"

"To rage shi."

"Ba na ɓarnar itace."

Gaskiyar magana, ragewar ba ta fi aikin rabin yini ba. Amma Dogo bai taɓa warware abin da ya haɗa ba, ba kuwa zai fara a gaban Gaji ba. Ita ma ba ta taɓa barin sa ya ci gardama ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya miƙo mata buhun ƙyalle da gwangwanin allura. In shi ba zai rage katako ba, ita za ta ƙara bargo, a ga wanda zai fara gajiya. Ta zauna a kujerar tana haɗa dogayen ƙyalle a cinyarta, tana zagaye fuskar da su, tana yi tana ambaton duk abin da ya taɓa ɓatawa tun daga shekarar da aka kawo ta gidan. Kwana shida ta yi a haka. Ya zauna a gefe yana sauraro kamar mai jin wa'azi, ta ci tuwonta tas a kowane dare.

Da bargon ya kai sanduna aka ɗame shi da zannuwan ciki, sai wata sabuwa ta ɓullo. Gaji ta ɗinke gefenta iyakar inda hannunta ya kai, ta zagaya ta ɗinke ɗaya gefen, tsakiya kuwa ta gagara. In ta miƙa, bayan ya soke ta. Ta ajiye allurar a kan bargon. Ta fara duban ƙofar ɗakinta.

Dogo bai yi shawara da kowa ba. Ya jawo buhun gyaɗa ya zauna a ɗaya gefen, ya ɗauki allurar.

"Nuna min."

"Kai? Da wannan hannun na riƙe garma?"

"Ya kai tsakiya ko bai kai ba?"

Ya kai, har da saura. Ɗinkinsa na farko ta ce ko buhun albasa ba za a rufe da shi ba, ta sa ya warware sau uku. A na huɗu ta yi tsaki kawai, wanda a wurin Gaji yabo ne. Haka suka ci gaba, ita ta taso layi daga gefenta ta miƙa masa allura, shi ya ratsa tsakiya da shi, ta zagayo ta karɓa. Majalisar ƙofar masallaci ta yi sati biyu ba ta gan shi ba sai a sahu, ana sallamewa ya zura takalmi. Aka fara cewa ko ba shi da lafiya ne.

Maganar ta kai Gaya. Ranar wata Juma'a Inuwa ya hau babur ya zo duba mijin yayarsa. Ya yi sallama, ya doki ƙyauren zaure da ƙafa kamar yadda aka saba, ya shigo tsakar gida. Ya tarar da Dogo a kan buhun gyaɗa, tabarau a karan hanci, zare na lilo a gemunsa, yana lasar bakin zare zai zura a allura. Inuwa ya yi dariya har ya dafa turmi, gadon ɗinkin ya yi girgiza, Gaji ta daka masa tsawa.

"Mijin Yaya, ashe lalurar ke nan! Wallahi in na faɗa a kasuwa ba mai yarda." Ya share hawaye, ya zagaya abin da idon sana'a, ya ƙwanƙwasa kusurwa. "Dabarar ba laifi, girman ne hauka. Gobe in zo da zarto in rage shi daidai hannun Yaya, ko awa ɗaya ba zan yi ba. Kai kuma ka huta da aikin mata, ka koma cikin maza kafin a sa maka waƙa."

Kunya ta rufe Dogo, kuma ya san Inuwa gaskiya ya faɗa. In aka rage, Gaji za ta iya ita kaɗai, abin da aka nema tun farko ke nan. Sai dai bai sani ba ko za ta so, ko kuwa gardama ce kawai ta riƙe ta a kujerar nan, in bargon Hussaina ya ƙare ta rufe gwangwani ta koma gado. Wannan ita ce tambayar da ya kasa yi mata tsawon sati uku. Ya ƙura wa allurar ido.

Gaji ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Inuwa, bar zartonka a Gaya."

"Haba Yaya, ai sauƙi nake nema miki."

"Na ce ka bar shi. Na riga na yanka bargo na biyu da na uku, kuma da kamun Malam na auna."

Ta nuna bakin ɗaki da haɓa. Ga su nan a naɗe a kan kwalla, manya-manya, Dogo bai ma san lokacin da ta haɗa su ba. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malam," ta ce, "in kallo za ka yi, ba ni allurata. Layin nan jiranka yake."