Na Wanke wa Inna Ƙwarya

A shekarun da jam'iyyu suka yi yawa, yajin aiki yana bin yajin aiki, ina wankin tiyo a wani ɗan kamfanin nono a Sabon Gari. Akwai yauƙin da ƙwayoyin cuta ke ginawa a cikin tiyo, sabulu bai isa ya ɓamɓare shi ba. Sai aka kawo mana wani farin gari, anzim, a jiƙa shi da ruwan ɗumi ya cinye yauƙin tas. Daga nan kaina ya kumbura, duk kwanon da na kalla sai na ga cuta.

Da wuta ta yi ta ɗaukewa aka rufe kamfani, na koma garinmu Jiratawa wajen Inna da guntun garin a aljihu.

Inna tana da ƙwaryar da take kwantar da kindirmo, wadda uwarta ta zo da ita daga Tibiri. Cikin ƙwaryar ya yi baƙi, yana santsi. Ɗauraya kawai take yi mata, kuma ba ta taɓa neman irin nono a gidan kowa ba: ta zuba madara, gobe ya kama. Ranar da ta tafi fadama na jiƙa ƙwaryar da garin nan, na goge ta har ta yi fari.

Ta dawo, ta shafa cikin da yatsa.

"Mi ka yi ma ƙwaryag ga?"

"Cuta na fidda miki, Inna."

Kwana uku madara tana tsinkewa, ba ta kamawa. Abin da na kira cuta, a cikinsa irin yake zaune tun zamanin kakata. A rana ta huɗu na ga Inna ta ɗauki ƙoƙo ta shiga maƙwabta roƙon iri, kanta a sunkuye.

Nono ya kama. Wani tsoho da ya daɗe yana sayen furarta ya kurɓa a zaure, ya ajiye ludayin.

"Wanga ba na gidan nan ba ne."

"Hannuna ne ya tsufa, Malam," in ji Inna daga bakin ƙofa.

Ina zaune kusa da shi, ban ce komai ba. Damina biyu bayan haka ta rasu. Har yau wannan shirun yana damuna, don in hira ta biyo ta kanta a Jiratawa, sai ka ji an ce Allah sarki, a ƙarshe hannunta ya tsufa.