Ranar da Aka Share Mana Kaɗanya

Har yau in na ga an shafa wa gindin bishiya farar ƙasa sai raina ya ɓaci. Hedimastanmu nake tunawa, kuma ba da alheri ba.

Firamaren da na koyar tana kan hanyar Bida, kafin a kai Gidan Kwano, inda gidaje ke ƙarewa gonakin doya su fara. Ni ce malamar kimiyya ta aji biyar. Akwai darasin muhalli a manhaja, amma yadda aka saba yin sa shi ne malami ya zana bishiya a allo, yara su yi ta rera saiwa, reshe, ganye, alhali ga bishiyar gaske a waje tana leƙen mu ta taga. Abin ya ishe ni. A bayan ajinmu, tsakanin bango da katangar makaranta, akwai wani lungu da ba mai shiga sai awaki. Na je ofis na roƙi a bar mana shi, a daina nome shi ranar leba, ranar da ɗalibai ke aikin share makaranta. Hedimasta ya ce "to", bai ko ɗago kai ba. Ni kuma da wautata na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin maganar dattijo.

Da damina ta sauka lungun ya yi kore shar. Nakan kwashi yara mu tsuguna a ciki. Doka ɗaya na kafa: a duba, kada a kashe. Da farko sun sha wuya, don yaran nan duk abin da ya motsa hannunsu na kan dutse. Sannu a hankali suka koyi yin shiru. Suka ga hawainiya tana sauya launi, suka bi layin tururuwa har raminsu, suka san ganyen da tsutsa ke so da wanda take ƙi. Wasu iyayen sun yi ƙorafi wai ina mayar musu da 'ya'ya 'yan daji. Ban kula su ba.

A ajin akwai wata yarinya 'yar Gbagyi daga Gwada, tana zaune wurin ƙanwar mahaifiyarta a Kpakungu. Ba ta magana sai dole, saboda Hausarta takan mayar da mace namiji, yara su kwashe da dariya. Wata Litinin ta dawo daga gida da ƙullin tsumma, ta ajiye mini a tebur. Ƙwarar kaɗanya ce, ɗanya, da sauran danshinta.

"Malama, kakana ya ce a sa shi ƙasa yau," in ji ta. "In ya kwana da yawa ba ya fita."

Kakar tata mace ce, mai yin man kaɗe. Na harari masu shirin dariya, kowa ya haɗiye tasa. Ranar kowane yaro ya binne ƙwara ɗaya, ya kafa tsinke a kai.

Kaɗanya ba ta da gaggawa. Sai ta gama aika saiwa can ƙasa kafin ta nuna kanta. Muka yi ta jira har yara suka fara tsokanar yarinyar wai duwatsu ta kawo mana. Ni kaina na fara damuwa, don na san in abin nan bai fito ba, bakinta ya rufe ke nan har abada. Sai ga shi wajen ƙarshen damina ganye ya ɓullo, ƙanana, jajaye-jajaye. Daga ranar ta zama shugabar lungu ba tare da an naɗa ta ba. Ita ke cewa a kewaye da ƙaya saboda awaki, ita ke tsawata wa mai taka na wani, da karkatacciyar Hausarta, kuma ba mai dariya. Da rani yara suka riƙa rage ruwan shansu suna zuba wa shukar. Abin da nake nema ke nan tun farko: yaro ya yarda cewa abin da ya raina da hannunsa nasa ne, ba wanda zai taɓa masa shi.

Damina ta zagayo, sun shiga aji shida, ni ma aka ɗaga ni tare da su. Kaɗanyoyin ba su wuce taƙi ɗaya ba. A nan ne aka ce manya za su zo daga ofishin ilimi bikin dashen itace.

Hedimastanmu yana da hanyarsa ta tarbar baƙi, kuma ba ta canzawa: langalanga, wuta, farar ƙasa. A sare duk wani kore, a tara a ƙone, a shafe gindin bishiyoyi da duwatsu da fari. A wurinsa makaranta ba ta yi tsafta ba sai ƙasa ta fito ja tas kamar masussuka. Ganye in ba a jere yake a layi ba, ƙazanta ne. Na san halinsa sarai, amma ban taɓa zaton zai shiga lungunmu ba, tunda baƙo ba ya zagayawa bayan aji.

Ana gobe biki na kai mahaifiyata asibiti da safe, na iso makaranta hantsi ya ɗaga. Tun daga ƙofa na ji ƙaurin hayaƙi. Na zagaya bayan aji da gudu, mayafina na jan ƙasa. Babu ƙaya, babu ciyawa, babu komai sai toka da ramuka a jere, an auna su da igiya. Wai nan ne ya fi fili, nan baƙi za su dasa itace. Kuma 'yan aji shida hedimasta ya sa aikin, don su ne manya. Suna tsaye da langalanga a hannu, ba wanda ya iya kallona.

Daga baya suka ba ni labari. Yarinyar ta tare gaban tata shukar ta ce masa kaɗanya ce. Ya ce ciyawa ce. Ta sake faɗa. Ya ɗaga dorina, ya tsaya a kanta har sai da ta sare da hannunta, sannan ya sa aka bi da fartanya aka tone saiwar don kada ta ɓata layin ramuka.

Na same shi a gindin mangwaro yana duba masu shafa fari.

"Yallaɓai, ba kai ka ba mu wurin nan ba?"

"Na ba ki ki koyar, Malama, ban ce ki tara mini macizai ba."

"Itace ne ka sa aka sare! Shekara guda yaran nan suna rainonsa!"

Ya yi murmushin nan nasa da na tsana. "Kwantar da hankalinki. Gobe za a kawo itace na gaske, a mota."

Na faɗa masa maganganun da ba su dace da bakin malama ba, a gaban yara, kuma ko yanzu aka maimaita ba zan rage ko ɗaya ba. Ba rashin sani ne ya fi ƙona mini rai ba, kowa yana iya kasa gane ƙaramar kaɗanya. An gaya masa, yarinya ta gaya masa har sau biyu, amma a kunnensa maganar ɗaliba ba magana ba ce.

Aka yi biki. Itacen gasken nasa irin dogayen nan ne na ado da ake jerawa a ƙofar gidajen manya, ba inuwa ba 'ya'ya. Baƙi suka riƙe shebur aka ɗauki hoto, wasu ko baƙar ledar da ke gindin itacen ba su cire ba suka tura a rami. Hedimasta ya aiko a kira ni in yi jawabi kan amfanin bishiya, na ce a gaya masa ba ni da murya. Kafin a yi hutu duk sun bushe, shi kuwa hoton yana rataye a ofishinsa har ya yi ritaya. Yanzu in mun haɗu a wurin biki yakan gaishe ni da fara'a, ni kuma in amsa a daƙile.

Ban saduda nan da nan ba. Na roƙi wata abokiyar aikina 'yar Kuta ta kawo mini sabuwar ƙwara. Na juye a tebur, na ƙaƙalo fara'a, na ce kowa ya zo ya ɗauki tasa mu sake. Ba wanda ya motsa. Na kira yarinyar, na ce ta fara, tunda ita ce shugaba. Ta miƙe tsaye amma ba ta fito daga bencinta ba.

"Malama," in ji ta, "in ya fita kuma, mu ne za mu sare?"

Na buɗe baki in ce mata ba mai sake sarewa, sai na ga ba ni da ikon yin wannan alkawari. Ita kuma ta ci gaba da kallona tana jiran amsa.